Injin jirgin ruwa a kan tirela: a sauke shi tsaye, a bar wa liba, ko a tokare shi?

Duk wanda ya mallaki ƙaramin jirgin ruwa a Abuja ya san cewa kwanan jirgin a tudu ya fi kwanansa a ruwa yawa. Ranar Asabar a kai shi tafkin Jabi, sau ɗaya ko biyu a shekara a ja shi zuwa Lokoja ko Shiroro, sauran kwanakin kuwa yana tsakar gida a kan tirelarsa. Ba tirelar ɗaukar siminti nake nufi ba, 'yar ƙaramar nan ce mai taya biyu ko huɗu da ake ƙulla wa mota a baya. Duk tsawon wannan zama injin yana rataye a allon bayan jirgin, kuma shi ne abu mafi tsada a jikinsa.

To, yaya za a bar shi? Wani zai ce a ɗaga a danna liba, ɗan ƙarfen da ke riƙe inji a ɗage, ai don haka aka yi ta. Wani zai ce a cusa katako. Wanda ya saba sayayya a intanet kuma zai nuna maka sandar tokara ko robar da ake sa wa haidirolik, na'urar da ke ɗaga manyan injuna da ƙarfin mai. Kowannensu da inda yake aiki, kowannensu kuma da inda zai ja maka asara.

Abubuwan da za a duba kafin a zaɓa

Na farko, kuma wanda aka fi tsallakewa: ajiya ce ko tafiya? Inji a tsakar gida ba ya girgiza, abokan gabarsa ruwan sama ne da ƙura da tsatsa da ɓarawo. Inji a kan hanya kuwa duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji a jikinsa. Abin da ya isa a ajiya yana iya karyewa a tafiya, abin da ya dace da tafiya kuma yana iya cutar da injin in an bar shi haka wata uku.

Na biyu shi ne tazarar ƙasa. A ƙasan farfela, wato fankar da ke tura jirgi a ruwa, akwai wani ƙarfe mai kama da wuƙa, shi ne ƙarshen ƙafar injin, shi yake fara taɓa ƙasa. Ƙulla tirelar a motar da za ta ja ta, ka sa kayan da ka saba ɗauka, ka sauke injin tsaye, sannan ka ɗauko tef ka auna daga bakin wannan wuƙa zuwa ƙasa. Kada ka auna tirelar tana kan ƙafarta ta gaba, domin tsayin da take yi a bayan mota daban ne. Ni dai ƙa'idata, in tazarar ba ta kai santimita 30 ba, ba na hawa titi da injin a sauke. Dalili kuwa ba ramuka kaɗai ba ne. Yawancin gidajenmu a Gwarinpa da Kubwa da Lugbe akwai gangare a bakin get, inda aka rufe kwata da siminti. Lokacin da mota ta fara hawa gangaren, gaban tirela yana ɗagawa, bayanta kuma ya yi ƙasa, nan ne wuƙar take karta siminti. Haka abin yake a kan tudun rage gudu na cikin unguwanni.

Na uku, nauyin injin da yadda ake ɗaga shi. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 15, irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai, bai kai kilo 40 ba. Yamaha Enduro mai doki 40, wanda ya cika kogunanmu, kilo 70 ne da ɗoriya, kuma da hannu ake ɗaga shi. Mai doki 150 irin na zamani, wanda baƙin mansa yake a rumbu daban kamar na mota, ya haura kilo 200, maɓalli ake dannawa haidirolik ya ɗaga shi. Wasu daga cikin dabarun da ke ƙasa ba sa aiki sai a kan mai haidirolik.

Bayan waɗannan sai abin da ake duba wa kowane kaya: kuɗi, ƙarko, sauƙin sawa da cirewa, da girman asarar da za a yi in abin ya ci amana.

A sauke shi tsaye

Wannan ita ce hanyar da masu ƙera injin suka fara faɗa. Littafin da ke zuwa da injin Yamaha ya ce a ja shi kuma a ajiye shi a tsayuwar da yake aiki cikin ruwa, sai in tazarar ƙasa ba ta isa ba ne za a ɗaga shi a tokare da wani abu. Na Mercury ma haka ya ce, har ya ƙara da cewa a sa giyar gaba don kada iska ta yi ta juya farfela a hanya.

Ba ta cin ko sisi, kuma a ajiya babu mai kama ƙafarta. Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa, kuma an tsara hanyoyin ruwan ne yadda za su tsiyaye in injin yana tsaye. Da zarar an ɗaga shi, ramin tsakiyar farfela, inda hayaƙi yake fita, sai ya kalli sama ya zama kamar kofi. A ƙasashen sanyi ruwan da ya taru a ciki yana daskarewa ya tsaga gidan giya. Mu ba mu da wannan damuwa, amma muna da daminar Abuja, daga Afrilu har Oktoba, ruwa ya taru ya kwana da laka, ya ci sil, wato robar da ke hana yoyo, ya bar tsatsa a kan shaf ɗin da ke juya farfela. Mai kafireta in aka bar shi a ɗage yakan yi yoyon fetur cikin murfinsa. Mai haidirolik kuma sandunansa masu sheƙi suna fitowa waje in an ɗaga shi, su sha ruwa da damina, su sha ƙurar hunturu daga Disamba, ranar da aka sauke injin duk wannan dattin ya bi ta kan sil. In injin yana tsaye, sandunan suna ɓoye a gidansu cikin mai.

In ƙafar tana taɓa ƙasa a tsakar gida, ba sai an ɗaga injin ba. A sauke ƙafar gaban tirelar kaɗan don bayanta ya ɗaga, ko a hau da tayoyin kan falankin katako mai kauri. Sai dai a lura, da damina ana son gaban jirgi ya fi bayansa tsayi kuma a cire toshiyar ƙasa don ruwan sama ya fice, saboda haka falankin ya fi.

A kan hanya kuwa, tef ɗin ne zai yanke hukunci. In akwai tazara, ita ce hanya mafi sauƙi ga allon baya, domin nauyin yana sauka kai tsaye. Mai injin hannu ya tabbata ya kulle ɗaya libar, wadda ke hana ƙafar tashi, in ba haka ba kowane rami sai ta yi tsalle ta dawo ta bugi mazauninta.

Libar da ke jikin injin

Kusan kowane inji yana da ɗan ƙarfe ko maɓalli da ake turawa ya riƙe shi a ɗage. An yi shi ne don bakanike ya samu damar aiki, ko don a fitar da ƙafar daga ruwa in jirgi yana ɗaure a gaɓa. Littattafan Yamaha da Mercury duka sun hana a dogara da shi a tafiya, saboda girgiza na iya zame shi injin ya faɗo.

Na ga wannan da idona. Wani abokina ya ja jirginsa zuwa Lokoja, ina biye da shi a baya, Enduro 40 a ɗage kan liba ba komai. Mun wuce Gwagwalada da Kwali lafiya. Bayan Abaji ya faɗa wani rami da ba shi da hanyar kauce masa, na ga ƙafar injin ta yi sama, ta dawo, sai tartsatsi. Kafin ya tsaya, wuƙar ta cinye rabi a kan kwalta, fiffike ɗaya na farfela ya lanƙwashe. Ya tsaya yana kallon abin, ya ce, "Wallahi na danna ta da hannuna." Na ce, "Alhaji, ka danna, ramin ne ya cire." Da igiya da guntun icen da muka tsinta a bakin hanya muka ƙarasa.

A tsakar gida na kwana ɗaya ko biyu, ko don wanke ƙafar injin, liba ta isa. Ko a nan ma kada mutum ya shiga ƙarƙashin injin da ke ɗage, kuma a hana yara wasa a wurin.

Guntun katako

Dabarar masunta da direbobin kwale-kwale ce, kuma ba abin raini ba ce. A ɗaga injin, a sa guntun katako a gicciye tsakanin ƙarfen da ke damƙe da allon baya da ɓangaren da ke lilo, sannan a sauke injin ya danne shi. Nauyin ya tashi daga kan liba ko haidirolik ya koma kan katako, shi kuma katako yana ɗan shanye bugu.

Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, a kasuwar katako ta Dei-Dei ko wurin kafintocin Kugbo ana iya ba ka guntun tu-bai-fo kyauta. Amma a nemi mai ƙwari, irin maɗaci. Farin katako mai laushi yana lotsewa, da ya lotse kuma sai a samu sarari, da an samu sarari sai ya zame. Zamewar nan ita ce babbar illarsa. Maganinta a huda shi a ɗaure da igiya a jikin injin, a kuma ja ƙafar ƙasa da bel don kada ta yi tsalle ta sake shi. A mai haidirolik, a duba da kyau kada katakon ya danne bututun mai ko waya ko kan giris. In an cire shi a jefa cikin jirgi, kada a yar a ƙasa, gara ba ta jira.

Sandar tokara daga ƙafar inji zuwa tirela

Wannan ce Turawa suke sayarwa da sunan mai ceton allon baya. Sanda ce ta ƙarfe ko alminiyam, kai ɗaya mai baki biyu kamar gwafa, an lulluɓe shi da roba, yana rungumar ƙafar injin sama da gidan giya. Ɗaya kan yana zama a kan rolar ƙarshe, wato robar nan mai juyawa da jirgi ke hawa kanta, ko ƙarfen gicciye na bayan tirela. Kamfanoni irin su Attwood suna yin ta, wasu da sifirin a ciki don rage bugu.

Amfaninta a fili yake. Inji a ɗage kamar tabarya ce da aka riƙe ta a tsakiya: kai ya yi gaba, ƙafa ta yi baya, kowane tsalle yana murɗa allon da ƙusoshin da suka riƙe shi. Sandar tana ɗauke nauyin ƙafar ta miƙa wa tirela. Masu jiragen alminiyam da tsofaffin jiragen faiba, waɗanda katakon cikin allonsu ya fara shan ruwa ta ramukan ƙusoshi, su suka fi cin moriyarta. Akwai masu cewa sunan ya yi mata yawa, tunda allon da ke jure turin inji a cikin ruwa ba zai gaza a kan titi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar in allon lafiyayye ne. Amma ko don ta hana injin faɗowa, ta biya kuɗinta.

Ga inda gizo ke saƙar. Sandar ta haɗa abu biyu da ba lallai su motsa tare ba. Injin yana jikin jirgi, gindin sandar yana jikin tirela. In jirgin ba a ɗaure yake tamau ba, ya yi tsalle daban tirela ta yi daban, to duk wannan bambancin ƙafar injin ce za ta sha shi, kamar ana dukanta da guduma daga ƙasa. Wanda zai yi amfani da sandar tokara dole ya ɗaure bayan jirgin da bel biyu, dama da hagu, har ya zama jirgi da tirela abu guda ne. In ba zai yi haka ba, gara katako. Mai haidirolik ya sauke injin har ya zauna daram a bakin gwafar, ya tsaya nan, ban da ƙara dannawa. Mai injin hannu kuma ba shi da abin da zai danne ƙafar, sai ya zagaya ta da roba mai ƙarfi ko bel ya haɗe ta da sandar.

Ta waje kuɗinta 'yan gomomin daloli ne kafin a sa kuɗin kawowa, kuma takan zo ba ta dace da tirelar da aka ƙera a gida ba, domin yawancin namu ba su da rola a inda ake bukata. Shi ya sa na fi son a je wurin mai walda da jirgin gaba ɗaya. Ni a Apo na yi tawa. Mai waldar ya zagaya tirelar, ya ce, "Oga, in yi maka da rodi mai kauri, har jikokinka." Na ce a'a, bututu nake so, bututu biyu ɗaya cikin ɗaya, da ramuka da fil don a riƙa ƙara tsawo. Muka yanka tsohuwar taya muka naɗe bakin gwafar, ya kafa ɗan mazauni a ƙarfen gicciye inda za a zura gindin a sa fil. Wannan fil ɗin kada a yi wasa da shi, sandar da ta kuɓuce a kan titin zuwa filin jirgin sama makami ce ga na bayanka. A shafa mata fenti, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe ta.

Robar da ake sa wa haidirolik

Sabon salo ne, na manyan injuna masu maɓalli kaɗai. M-Y Wedge roba ce mai tauri da ake zura wa sandar haidirolik, a sauke injin ya danne ta. MotorMate kuma ƙarfe ne da ke kama injin a jikin mazauninsa, ya hana shi sauka, ya kuma hana shi juyawa gefe. Duka biyun ba su taɓa tirela, saboda haka bugun da na ambata a sama babu shi, kuma sawa ba ta kai minti ɗaya ba.

Sai dai nauyin yana nan a kan allon baya, ba inda ya je. Abin da suke karewa haidirolik ne da faɗowar inji. Kowane samfurin inji da girman da ya dace da shi, in ka yi oda ba daidai ba ka yi asarar dalolinka, kuma ba abu ba ne da za ka shiga kasuwar Gudu ka tarar a kan tebur. Robar ita kaɗai ba ta hana injin kwantawa gefe guda, sai an ƙara 'yan robobin da ake maƙalawa a sandar sitiyari, ko a ɗaure sitiyarin. Ranar Abuja ma tana cin roba, a riƙa ajiye ta a inuwa.

A cire injin ɗungurungum

Ga mai doki 15 zuwa ƙasa, wannan ya fi komai. Mutum ɗaya mai ƙarfi ko biyu za su kwance maɗauran su sauke shi. A bari ruwa ya gama tsiyayewa yana tsaye, in za a kwantar a mota kai ya fi ƙafa tsayi, don kada sauran ruwa ya gangara ta hanyar hayaƙi ya shiga silinda. Mai rumbun baƙin mai yana da gefen da aka yarda a kwantar da shi, an nuna a littafinsa, in aka kwantar ta ɗaya gefen mai zai malala inda bai kamata ba. A gida a rataye shi tsaye a kan ɗan mazaunin ƙarfe cikin sito. Ya tsira daga rana da ruwa, ya kuma tsira daga mai tsallako katanga, domin injin da ka iya cirewa cikin minti biyar, shi ma zai iya. Enduro 40 ana cire shi, amma kilo 70 ba abin yi kowace Asabar ba ne.

Wani abu da ya shafi duk injin da ke kwana a waje, ko tsaye ko a ɗage: zanzaro. Akwai ɗan ramin da ruwa ke tsartuwa ta cikinsa in inji yana aiki, shaidar cewa famfon sanyaya yana lafiya. Girmansa daidai da abin da zanzaro yake nema. Na taɓa tayar da inji a Jabi bayan wata biyu, ruwa ya ƙi fitowa, hankalina ya tashi na ɗauka famfon ne ya mutu. Da na zura igiyar fatsa mai kauri sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Tun daga ranar nake liƙe ramin da salatif mai launi, mai launin don kada in manta in cire.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Inda ta fi dacewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Sauke shi tsaye | Babu | Ba abin lalacewa | Mafi sauƙi | Kartar ƙasa in tazara ta gaza | Doguwar ajiya, tirela mai tsayi |
| Liba | Babu | Ba ta jure girgiza | Mai sauƙi | Faɗowar inji a hanya | Gyara da wanki |
| Katako | Kaɗan ƙwarai | Sai ana sauyawa | Mai sauƙi | Zamewa in ba a ɗaure ba | Gajeriyar tafiya |
| Sandar tokara | Matsakaici | Shekaru, in da fenti | Sai an durƙusa | Bugun ƙafa in jirgi ba a ɗaure ba | Doguwar tafiya, allo mai rauni |
| Robar haidirolik | Mai tsada | Mai kyau, ban da rana | Minti ɗaya | Nauyi na kan allo | Babban inji, allo lafiyayye |
| Cire injin | Kuɗin mazauni | Mai kyau | Sai ƙarfi | Kwantarwa ba daidai ba | Ƙaramin inji |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Wanda jirginsa zai yi makonni ko duk damina a tsakar gida, ya cire duk wata tokara ya sauke injin tsaye, ya shafa giris, ya rufe kan da tampol ba tare da ya naɗe shi ruf ba don iska ta shiga. Ya sa wa tayoyi weji, ya kuma tokare bayan tirelar da jak ko bulo, domin in injin mai nauyi ne, mutum ɗaya ya taka bayan jirgin sai gaban tirela ya tashi sama, wuƙar ta daki ƙasa.

Wanda tafiyarsa daga Life Camp ko Utako zuwa Jabi ce, in tef ya ba shi tazara ya tafi da injin tsaye. In bai ba shi ba, katako mai ƙwari da igiya da bel sun ishe shi.

Mai Enduro 40 ko makamancinsa da ke bin hanyar Lokoja, ko ta Suleja zuwa Minna don Shiroro, sandar tokara ce tasa, tare da bel biyu a bayan jirgi. Ya tsaya bayan kilomita 20 na farko ya sake jan bel ɗin, domin suna saki, sannan ya riƙa dubawa duk inda ya tsaya shan mai.

Mai babban inji a kan sabon jirgin faiba ya yi odar robar haidirolik daidai da lambar samfurin injinsa. In jirgin tsoho ne, ya fara gwada allon: ya ɗaga injin, ya kama ƙafar ya girgiza sama da ƙasa yana kallon wurin ƙusoshi. In ya ga allon yana motsi, ko akwai tsaga a kusurwa, ko ruwa mai launin shayi yana fitowa daga ramin ƙusa, to ba roba yake bukata ba, sandar tokara ce ta kai shi wurin mai gyaran faiba.

Mai doki 15 kuwa ya kwance abinsa ya kai sito ya sa kwaɗo.